Matar Kara a Ɗakin Inna

Ranar da na sauka Haidarabad ta ƙasar Indiya, mutumin da ya yi alkawarin tarata bai zo ba. Na zauna a kan akwatina a bakin filin jirgi, direbobi suna kewaye ni suna yare, ni kuma ina ta kiran lambarsa, Malam Tanko, dillalin da ya nema mini makaranta, ana ce mini a kashe take. Wani ɗan sanda ya zo ya tambaye ni da Turanci ko na ɓata ne. Na ce masa ban ɓata ba, na san abin da ya kawo ni, wanda zai nuna mini hanya ne ya ɓata.

Sunana Kulu, mutuniyar Nasarawa Burkullu ce ni, a ƙasar Bukkuyum. Kafin wannan tafiya iyakata Sakkwato, can ɗin ma asibiti ne yake kai ni, rakiyar Inna.

Inna mai fura ce. Tun ban san kaina ba ƙarar faifanta ke tashina daga barci, kuma matan Fulani masu kawo nono ba sa wuce ƙofarmu sai sun sayi curin furarta. Sai hannunta na dama ya fara rawa. Daga baya tafiyarta ta ragu, takunta ya zama ƙanana, wani lokacin ƙafafun su liƙe da ƙasa kamar an sa musu danko. Likitan Sakkwato ya ce ciwon makyarkyata ne irin na jijiya, ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke sassauta shi. Matsalar ita ce ƙwayar tana aiki na ɗan lokaci ne sai ta saki mutum, shi kuma likita ba zai iya daidaita ta ba sai ya san lokacin da take saki.

A nan gizo ke saƙar. Mu a wajenmu majinyaci ba ya cewa babu sauƙi. Ko an ɗauko mutum ranga-ranga, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka, don kukan ciwo a bainar jama'a rashin godiyar Allah ne. Inna kuwa ta haɗa da kunyar Fulani ta wajen mahaifiyarta. Tana haɗiye ƙwayarta a ƙofar asibiti, ta shiga ta zauna tsaf, hannun nan a ƙudundune cikin hijabi.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, likita. Alhamdu lillahi."

In na buɗe baki zan yi bayani, harara ɗaya take yi mini in haɗiye maganata. A mota sai ta ce, "Ke ta majinyaciyar ko ni?" Haka za mu dawo ta Gummi da magani irin na jiya, ciwo kuma yana ta cin gabansa.

Ina aiki a Anka a lokacin, a sashen gashin ƙashi na yaran da gubar dalma ta nakasa, 'yan Abare da ƙauyukan da ake dakan dutsen zinariya. Wata baƙuwar ma'aikaciya ce ta nuna mini wani bidiyo a wayarta. Wani tsoho ne a ɗakinsa tsaye gaban talabijin, an ɗora wata 'yar kyamara ta wasan yara, irin wadda ake wasa da ita ba tare da an riƙe komai ba. Kyamarar tana zana ƙasusuwansa da layuka da ɗigo, tana auna rawar hannunsa da nauyin motsinsa, ta adana wa likita. Na kalla na sake kalla. Na ce a raina, ashe akwai abin da ba a iya ce masa da sauƙi.

Na sayar da saniyar da na gada, na haɗa da abin da na tara. Yayana Sahabi, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya ce, "Ki tahi har Indiya koyon wasan yara? Wanga wane irin hauka na?" Na ce masa haukan nawa ne, saniyar ma tawa ce.

To ga ni a Indiya. Da na gaji da jira na nuna wa wani mai keke adireshin makarantar, ya kai ni. Na ɗauka ya yi kuskure. A takardar da Malam Tanko ya aiko mini akwai gini mai hawa-hawa da ciyawa kore shar. Abin da na tarar ɗakuna biyu ne a saman shagon masu faci, da tsofaffin kwamfutoci, ana koya wa yara buga rubutu. Shugaban wajen, wani mai zobba a kusan kowane yatsa, ya ce ai karatun na'urorin lafiya sai baɗi za a fara, in Allah ya kawo malami.

Bayan wasu kwanaki Malam Tanko ya bayyana, yana ƙamshin turare. Ɗan jiharmu ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don da yaren gida ya cuce ni.

"Haƙuri za ki yi, 'yar uwa," in ji shi. "Kowa da haka ya fara. Ki zauna 'yan watanni, su ba ki takardar shaida mai tambari, ki koma gida. Wa zai sani?"

"Hannun uwata zai sani," na ce masa. "Takarda za ta hana shi rawa?"

Ya yi dariya ya ce na cika zafi. Bai ga zafi ba tukuna. Abin da suka ci na san sun ci, ba zai dawo ba, amma ina bukatar su sallame ni a rubuce don in nemi wani wajen ba tare da bizata ta lalace ba. Suka ƙi. Sai na mayar da ofishin mai zobba gidana. Da safe in zo da dardumata da 'yar robar abincina, in zauna a kujerar baƙi. A nan nake salla, a nan nake cin abinci. Duk uban da ya kawo ɗansa, in gaishe shi da ladabi, in nuna masa hoton ginin nan mai ciyawa, in tambaye shi ko ya san inda yake, don ni nemansa nake yi. Mai zobba ya yi barazana, ya yi lallashi, ya kira ni mahaukaciyar Afirka. Ranar da wani uba ya ja hannun ɗansa suka sauka ba su yi rajista ba, a ranar aka sallame ni.

Sallamar ta haɗa da ɗakin kwanan da suka ba ni. Na shiga gari neman haya. A waya kowa yana da ɗaki, in na isa suka ga fuskata sai ɗakin ya zama an riga an kama. Wata mata ko gama buɗe ƙofa ba ta yi ba ta mayar ta rufe. Wani dattijo ya tambaye ni, ba kunya ba tsoron Allah, ko ina sayar da ƙwaya. Na ce masa ƙwaya ɗaya na sani, ta uwata, kuma ita ce ta kawo ni ƙasarsu. Bai gane ba, ni ma ban tsaya yi masa fassara ba.

La'asar ta riske ni a wani lungu na tsohon gari, na shimfiɗa darduma a bayan wani shagon yadi na yi salla. Da na sallame sai na ga wata tsohuwa tsaye tana kallona, da kwandon cefane a hannu. Ta yi mini sallama, na amsa. Ta nuna akwatina, ta ɗaga hannu alamar tambayar ina za ni. Na girgiza kai. Ta miƙa mini kwandonta, ta yi gaba, na bi ta kamar 'yarta da ta aika kasuwa.

Kowa a layin Ammi yake ce mata, wato uwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna aiki a ƙasashen Larabawa. Ta ba ni wani ɗan ɗaki a saman bene kusa da tankin ruwa. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta. Abin da muka haɗa shi ne bismillahi, da in sha Allahu, da hannuwa. Da su muka yi zaman wata da watanni, har faɗa mun yi da su, a kan yawan sukarin da take zuba mini a shayi.

Kewar gida a ciki ta fara kama ni. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare, ga kayan ƙamshi har sai na ji kamar turare nake ci. Wata rana a kasuwa na hango gero a buhu. Gero sosai, irin namu. Na tsoma hannuna a ciki har wuyan hannu, sai kawai hawaye, mai shagon ya rasa abin da ya yi mini. Na sayo na kawo gida na surfa a ɗan turmin Ammi. Ina neman abin da zan bakace da shi sai ga ta da faifanta, nasu mai baki ɗaya a buɗe kamar shebur. Ta karɓe geron ta fara bakacewa. Na tsaya ina kallo. Yadda take wurga tsabar sama ta tare, yadda take buga gefen faifan da yatsu, sak Inna. Na yi fura na dama da kindirmonsu. Ammi ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta tashi ta ɗauko sukari.

'Yar maƙwabciyar Ammi ma'aikaciyar jinya ce, ita ta yi mini hanya zuwa sashen gashin ƙashi na wani asibiti a can ɗaya ƙarshen garin, inda suke gwada irin kyamarar da na zo nema. Suka karɓe ni horon 'yan watanni, na gyara takarduna. Shugabar sashen Madam Lata, doguwa marar yawan dariya. Mai kula da na'urar kuma wani injiniya ne, Suresh.

Ranar farko aka ce kowane ɗalibi ya tsaya gaban kyamara. Kowa ya tsaya sai ga mutumin kara ya fito a talabijin, kai da hannuwa da ƙafafu, yana yin abin da mai shi ya yi. Da na tsaya da hijabina har gwiwa, sai kararen suka rikice. Hannu ya fito daga ciki, ƙafa ɗaya ta haye kafaɗa, can kuma duk suka watse. Ɗalibai suka fashe da dariya.

"Ba ta ganin hannunki," in ji Suresh. "Tufafin sun yi yawa."

"Hannuna yana nan," na ce. "Ita ce ba ta da ido."

Ya yi mini bayani a hankali, don ba mugu ba ne. Majinyatansu wando suke sa wa da riga mai kama jiki. Sannan su yi wasa: mangwaro yana faɗowa a talabijin su miƙa hannu su cafe, ko su fasa balan-balan, kyamara tana aunawa. Na kwatanta Inna a raina, sanye da wando, tana tsalle tana cafe mangwaron ƙarya a gaban surukarta. Dariya ta zo mini, amma ba ta fito ba. Na sayar da saniya, na tsallaka teku, na yi ta yini a kujerar mai zobba, ashe abin da na zo ɗauka ba zai shiga ƙofar gidanmu ba.

Ba Inna kaɗai ba ce. Na lura tsofaffin matan da ake kawowa sashen, masu naɗa dogon zanen nan nasu, sau ɗaya suke zuwa. A sa musu wando, su cafe mangwaro fuska a murtuke, daga ranar ba a sake ganinsu. Madam Lata ta san da haka, kuma abin yana damunta.

Na same ta a ofis na ce, uwata a cikin gida, tsakanin mata, hannuwanta a buɗe suke. Ba sai an ga ƙafafu ba. Kuma ba za ta yi wasa ba ko za a yanka ta, amma za ta yi aiki. A bar ta ta yi bakace. Washegari na ɗauko faifan Ammi da geron da ya rage, na ratsa gari da su a bas, mutane suna ta kallona. Na cire hijabi a ɗakin mata, na tsaya gaban kyamara na fara. Ba ta yi ba. Kyamarar ta ɗauki faifan a matsayin wani ɓangare na jikina, hannuwan suka narke a cikinsa. Gero ya watse a ƙasan asibiti, mai shara ta zo tana mita.

Na hau faɗa, na ce na'urarsu an yi ta ne don 'ya'yan masu kuɗi da ba su taɓa riƙe komai ba sai cokali. Madam Lata ta bari na gama.

"Fushi ba awo ba ne," ta ce. "Likita motsi iri ɗaya yake so, a nisa ɗaya, a lokuta ɗaya, kullum. Bakacen uwarki iri ɗaya ne kullum?"

"Tun kafin a haife ni bai sake ba."

Ta dubi Suresh. Ya sosa kai ya ce zai gwada, amma bai yi alkawari ba.

Mun sha wuya, ni da shi. Shi ya gano cewa in mutum ya ɗan karkace, kyamara za ta iya bin gwiwar hannu da wuyan hannu ta ƙyale faifan. Madam Lata ta ƙara da cewa a ajiye faifan a ɗora hannuwa a cinya kafin a fara da bayan an gama, don rawar irin wannan ciwo a lokacin hutu ta fi fitowa, shi kuma bakacen zai nuna yadda motsi ke ƙanƙancewa. Ni ma na tafka nawa shirmen. Na dage sai a gwada a fili, don a tsakar gida muke bakace, ashe hasken rana makantar da kyamarar yake yi, sai dai a ɗaki ko inuwa mai duhu. Abu ɗaya ne ban sassauta ba. Na ce ba hoton jikin uwata da zai je gaban wani namiji, likita ne ko waye. Kara kawai za a adana, ba fuska, ba fata. Suresh ya ce wannan ma ya fi sauƙi.

Duk Juma'a nake kiran gida. Inna ta ce da sauƙi, ta tambaye ni ko ina cin abinci, ta miƙa waya. Wata Juma'ar Rakiya, matar Yaya, ta ja wayar gefe ta rage murya. Ta ce shekaranjiya da yamma ƙafafun Inna suka liƙe a gaban murhu, ta tafi gaba ɗaya ta faɗa, hannun hagu ya ƙone har gwiwa. Inna ta hana a gaya mini.

Kafin in dawo hayyacina Yaya Sahabi ya karɓi wayar.

"Kulu, kin jiya. Maganin nan bai yi ba. Shekara nawa muna zuwa Sakkwato, mi anka samu? Hanyar ma yanzu ba lahiya, kullum tare mutane a kai. Na yanke, in wanda ag gida ya ƙare, ba a sake sayen wani. Ki tattaro ki dawo ki yi jinyar uwarki awa kowace ɗiya."

"Yaya, don girman Allah kada ka tsai da maganin ga. Ba shi na bai yi ba, lokacin shan shi na ba daidai ba. Ka ba ni zuwa kaka."

"Da wasan yaran naki za ki gyara?"

"Da shi."

Ya ce zuwa kaka, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Na ce a ba ni Inna.

"Inna, kin ƙone ba ki hwaɗa min ba?"

"Wa yag gaya miki? Wuta ta, ta ɗan taɓa ni. Da sauƙi."

Na hau sama na zauna a jikin tankin ruwa na yi kuka har na gode Allah. Ina son in tafi a ranar, ko a ƙafa ne. Ammi ta hawo da ƙyar da gwiwoyinta masu ciwo, ta zauna a bayana, ta warware mini kitso ta shafa mini man kwakwa, tana ta magana da yarenta. Ban tafi ba. Na san in na koma hannu biyu, abin da zan iya shi ne in riƙe Inna in kai ta bayi, ina kallo maganin ya ƙare. Dangi sun ce zuciyata dutse ce, uwa a kwance ni ina yawon duniya. Wasu har yau suna faɗa. Su faɗa.

Ammi ce ta fara tsayawa gaban kyamarar da faifai, ko da yake lafiyarta lau, don tsofaffin matan sashen su gani. Ba ta yi nisa ba wata tsohuwa mai rawar hannu ta miƙe ta karɓe faifan, wai Ammi ba ta iya ba. Daga ranar matan suka fara dawowa. Ranar da zan tafi Madam Lata ta yi mini murmushi, na farko kuma na ƙarshe.

Na sayi tsohuwar kyamara a kasuwar kayan lantarki. Mai shagon ya so ya naɗe mini matacciya, na ce sai ya jona ta na ga karana a tsaye, ya jona, ba ta kawo ba, ya ɗauko wata yana ƙunƙuni. Suresh ya zuba mini aikin a kwamfutata. Ammi ta cusa mini faifanta a akwati, ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi mini addu'a. Amin ɗin kawai na gane, ya kuwa ishe ni.

Ana yankan gero na iso gida. Inna ta rame, tabon wuta ya kwanta a hannunta, kuma yanzu ko a cikin gida da hijabi take zama. Rakiya ce ke yin furar, masu nono sun rage tsayawa. Na aro batirin sola da Yaya ke cajin wayoyi da shi, na haɗa kayana a ɗakin Inna. Tana ganin na ɗora kyamara a kan kwalla ta ce, "Ni za ki tsayar gaban abinga awa ƙaramin yaro? Kwashe tarkacenki."

Ban yi musu ba. Da safe, bayan ta sha ƙwayarta, na zuba surfaffen gero a faifai na zauna a gabanta na fara bakace. Da gangan na riƙa wurgawa a karkace, tsaba tana zuba a ƙasa, dusa tana komawa ciki. Inna ta kau da kai. Ta sake juyowa. Ta yi tsaki.

"Wanga bakace na ko ɓarna? Abin da anka koya miki Indiya ke nan? Kawo nan!"

Ta tuɓe hijabin da kanta ta karɓi faifan. Na gyara mata zama, na danna kwamfuta. Sai ga matar kara ta fito, zaune, hannuwanta suna sama suna ƙasa. Rakiya ta rufe baki tana dariya. Inna ta tsaya, matar kara ta tsaya. Ta ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga.

"Wa ta wagga?"

"Matar kara ta, Inna. Ba ta da huska, ba ta da suna. Abin da kika yi shi take yi."

"Ba ta da aikin yi," in ji Inna, ta ci gaba da bakacenta.

Muka yi da safe, muka yi da azahar. Bayan la'asar na sake kawo faifan. A wannan karon wurgin ya ƙanƙance, tsabar da ƙyar take barin faifan, da ta ɗora hannu a cinya sai karan dama ya hau kaɗawa kamar ganye. Na sa awon safe a gefe ɗaya na kwamfuta, na yamma a gefe ɗaya. Inna ta daɗe tana kallon su biyun.

"Wagga baiwar Allah tana jin jiki," ta ce a hankali.

Na yi ƙoƙari muryata ta fito kamar hira muke yi.

"Tun yaushe take jin shi, Inna?"

"Da sahe lahiya lau take. In azahar ta gota, sai abin ya hwara sakinta. La'asar na yi ƙahwahunta su liƙe, tana son ta ɗaga ba su ɗaguwa. Ran da tah hwaɗa wuta ma hakanan ta. Dare kuwa ko juyawa bisa gado ba ta iyawa, sai dai ta yi kwance tana salati har asuba. Ba ta dai son a sani."

Abin da na yi shekara da shekaru ina roƙon ta faɗa, ga shi ta zayyane shi tsaf a kan wata matar kara. Na ɗaga kai sai na ga Yaya Sahabi tsaye a bakin ƙofa, ya zo karɓar batirinsa. Bai shigo ba. Ya juya ya fita yana goge fuska da hannun riga, batirin ma bai sake tambaya ba.

Muka yi ta aunawa kullum har na tara abin nunawa. Yaya da kansa ya nemo motar da ta kai mu Sakkwato. Inna ta zauna gaban likita, hannu a cikin hijabi.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, likita."

Na buɗe kwamfuta na juya masa. Ya gyara tabarau ya duba na safe da na yamma, ya yi mini tambayoyi, na amsa. Sannan, Allah ya saka masa, ya gane wasan. Ya nuna matar kara ya ce, "To Inna, ita wannan fa, ya nata jikin?" Inna ta gyara zama ta ba shi labarinta daga safe har dare. Ya rarraba ƙwayar, ya sa wata kafin azahar, wata da dare. Ya ce in riƙa turo masa awon ta waya, ba sai mun riƙa bin hanya kowane lokaci ba. Ya kuma gaya mana gaskiya, ciwon yana nan, ba zai tafi ba, sai dai a riƙa bin sa ana gyarawa.

Ba rana ɗaya abin ya daidaita ba, sai da aka sake gyara shi. Wata ranar bayan la'asar ina wanki a bayan ɗaki na ji ƙarar faifai. Na ɗauka Rakiya ce, sai na ji bugun yatsun nan a gefe. Na bar wankin a ruwa. Kafin magariba Inna ta kirɓa furarta, ta zauna tana curawa, tana yi wa Rakiya faɗa wai ta cika kanwa.

Na tsuguna kusa da ita na ce, "Inna, ya jikin matar kara?"

"Ƙyale ta ta huta. Ni ki tambaye ni."

"Ya jiki, Inna?"

Ta ɗauko curi ɗaya ta sa mini a tafin hannu. Bai kai na da zagaye ba, gefe ɗaya ya ɗan lotsa, ga shatin yatsunta a jiki, da ɗuminsa.

"Jiya ba sauƙi," ta ce. "Yau da sauƙi."